Fitilar Bakin Tafki

A shekarata ta biyu a Doha kamfanin gadin da nake wa aiki ya ɗauke ni daga ƙofar wani otal, ya jefa ni wani filin gini a bakin gari, can inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa. Ranar na yi fushi ba kaɗan ba. A otal akwai sanyin na'ura da mutane masu ƙamshi, a nan kuwa babu komai sai rana da tifofi da wata 'yar rumfar kwano wadda in ka zauna cikinta da azahar sai ka ji kamar gurasa a tanderu.

Filin yana da girma, an kewaye shi da langa-langa. Aiki duk yana ta gefen ƙofa. Can ƙarshensa kuma, inda ba wanda yake zuwa, akwai wani tafki kwance shiru, ruwansa gishiri zalla, bakinsa ya yi kore yana ɗan wari. A gaɓar tafkin wata hasumiya ce ta dutse tsaye ita kaɗai, tsayinta bai wuce na dogon dabino ba, da 'yar ƙofa a ƙasa da taga ɗaya a sama tana kallon ruwa. Na ɗauka ragowar wani tsohon masallaci ce.

Mu biyu muke gadin rana, ni da wani ɗan zangon Kumasi wanda ya riga ni zuwa wurin. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Fereej Abdel Aziz, gadonsa a saman nawa, don haka na san minsharinsa kafin na san halinsa. Mutum ne mai dariya da surutu, kuma duk abin da ya faru a duniya sai ya ce ya taɓa ganin irinsa a Kumasi.

A yinina na farko, rana ta yi sanyi ana shirin magariba, sai ga wata babbar farar mota ta tsaya a ƙofa. Direba ya zagayo ya buɗe, wani tsohon Balarabe ya fito a hankali, farar riga har ƙasa, sanda a hannun dama, fitilar ƙwai a hannun hagu, irin wadda muka daina gani ko a ƙauye. Ya nufo ƙofa kamar mai shiga gidansa. Ni kuwa sabon gadi, sai na sha gabansa na ce ya nuna takardar shiga.

Abokin aikina ya fizgo rigata ta baya. "Kai Malam, bar shi! Wannan tsoho ya riga kamfani zuwa nan. Ya riga ƙasar da kake takawa ma."

Tsohon bai ko dube ni ba. Ya bi gefen langa-langa har bakin tafki, ya shige hasumiyar. Can sai ga ɗan haske ya bayyana a tagar sama, ja-ja, wanda ko kaza ba zai tada daga barci ba. Ya sauko ya yi sallar magariba a gindinta, ya koma mota. Na tambayi abokina wa ake haskawa, tunda ko kwale-kwale babu a ruwan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce masu kuɗi kowa da irin haukansa.

Kunyar abin da na yi ce ta sa washegari na tare shi na durƙusa na gaishe shi, na karɓi fitilar na raka shi. Larabcina na Islamiyya ne da ɗan na kasuwa. Da na buɗe baki sai ya yi dariya har yana tari, ya ce ina magana kamar mai huɗuba. Daga ranar yake ce mini ya waladi, wato ɗana, ni kuma ina ce masa Baba. Direba yakan kawo tabarma da butar gahawa da dabino, mu zauna a gindin hasumiyar kafin rana ta faɗi. A haka na ji tarihinta, guntu-guntu, wani ya maimaita shi sau da yawa, wani kuma sai na yi ta tambaya.

Ya ce tafkin nan ba tafki ba ne. A da hannun teku ne ya shigo cikin ƙasa, jiragen masunta da na masu nutson lu'ulu'u suna shiga su kwana a ciki. Bakinsa siriri ne, akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwa dama da hagu, wanda duhu ya riske shi a waje sai dai ya yi ta addu'a. Da aka gaji da asarar jirage, mutanen ƙauyen suka haɗa hannu. Suka sassaƙo dutse daga gindin teku in ruwa ya janye, suka ƙona farar ƙasa, mata suna ɗauko ruwa, suka tada hasumiyar daidai inda in ka saita haskenta da hancin jirginka za ka shige lafiya. Ya kama hannuna ya ɗora a bango, na ji ƙananan bawon katantanwa a cikin dutsen.

Da farko wutar itace ake hurawa a sama, da busasshen ganyen dabino. Daga baya kananzir ya zo. Kakansa ne ya fara riƙe ta, sai mahaifinsa. Ba albashi. Duk jirgin da ya shigo dai yakan ajiye kifi a ƙofar gidansu ba tare da an ce komai ba.

Sai da muka saba sosai ya ba ni labarin yayansa. Shi yana ƙarami lokacin, yayan saurayi ne, ya fita da jirgi da abokansa, iskar arewa ta taso musu. Sauran jirage suka shigo ɗaya bayan ɗaya, nasu bai shigo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ga ko guntun katako ba, don haka ba a yi jana'iza ba. Mahaifiyarsu ta ce wa mahaifin kada ya kuskura ya bar tagar nan da duhu, yaron bai san wata hanyar gida ba sai ita. Ta mutu tana faɗa. Mahaifin da zai rasu shi ma ya faɗa wa Baba.

Bayan haka duniya ta juya. Aka gina babbar tashar jiragen ruwa da fitilunta masu hasken rana, masunta suka koma can, mutanen ƙauye suka watse cikin gari. Sai tifofi suka zo suna juye yashi a teku don a sami filin gini, har suka toshe bakin ruwan. Teku ta yi nisa, ba a ko jin ƙamshinta. Abin da aka datse a ciki shi ne wannan tafkin.

Na ce, "To Baba, yanzu ta ina jirgi zai shigo?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ya waladi, kana tsammani ban sani ba ne? Yayana in yana raye ya fi ni tsufa. Amma ba wanda ya zo ya ce mini an sauke mini wannan aikin."

Ban sake tambaya ba, don na gane. Ni ɗan Yawuri ne, mahaifina masunci ne. Duk ranar da ya yi yamma a ruwa, mahaifiyata takan ɗauki aci-balbal ta je ta ajiye a kan wani dutse a gaɓa, ta zauna kusa da ita tana korar sauro. Mahaifina ya san kogin nan kamar tafin hannunsa, ba ya bukatar fitilar kowa. Bai taɓa hana ta ba.

Da sanyi ya shigo gwiwoyin Baba suka ƙi. Wata rana ya sa ƙafa a matakala ta farko ya kasa ɗaga ɗayar, ya tsaya yana haki, yana jin haushin kansa. Na karɓi fitilar da ashana na hau. Matakalar ƙunci gare ta, duk ta lotsa a tsakiya saboda tafiyar ƙafafu, bangon sama baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Akwai wata ƙugiya ta ƙarfe a tagar. Na kunna, na rage lagwani yadda ya koya mini, na rataye. Daga nan aikin ya zama nawa. Da safe in na sauko daga bas in hau in ɗauko ta, in goge ƙwan, in ajiye masa a rumfarmu. Dokar wurin ta hana kunna wuta kowace iri, mun sani. Amma aiki bai kai can ba, sufabaizanmu kuma mutum ne da ba ya son tafiya a rana.

Ana cikin haka sai direbobin katafila suka fara cewa aiki zai koma bakin tafki, za a baje duk abin da ke can. Maganar ta hana ni sukuni. Na rasa wanda zan kai wa kuka. Maigadi baƙo a ƙasar mutane, wa ya san da zamanka? Manyan wurin in sun wuce ta ƙofa rigar kawai suke gani, ba mutumin da ke ciki ba.

Dabarar a bas ta zo mini, kuma na ɗauka wahayi ne. A garinmu in mutum yana tsoron a cinye wani fili, ko a fasa hanya ta kansa, sai ya jera duwatsu, ya fitar da ɗan gurbin liman ta gabas, ya ajiye buta. Da an yi sallah a wurin 'yan kwanaki, shi ke nan, ya zama masallaci. Ba mai katafilar da zai yarda ya sa mata baki, ko shugaban ƙaramar hukuma sai dai ya kewaye. Na faɗa wa abokina. Ya buga cinya ya ce wallahi a zangonsu ma haka ake yi, akwai titin da ya lanƙwashe saboda wani masallacin duwatsu, ya gani da idonsa.

Muka kwaso duwatsu da fasassun bulo, muka jera a gindin hasumiyar, muka share, muka shimfiɗa kwalaye da tabarmi biyu. Abokina ya hau wani tudun yashi ya rangaɗa kiran sallar la'asar da muryar da ban san yana da ita ba. Ranar farko mu biyu ne da wani direba ɗan Sudan. Kafin mako ya zagayo, leburori 'yan Bangaladash da 'yan Pakistan sun gane akwai inuwa da iska a can, sahu ya yi ta ƙaruwa, hulunan kwano jere a gefe kamar kasuwar ƙwarya. Muka riƙa tafiya muna buɗa kafaɗa. Abokina har cewa yake in an rubuta tarihin hasumiyar nan dole a sa sunansa.

Baba ya ga duwatsun, ya ga mutanen. Ya yi sallah tare da mu, bai ce mun kyauta ba, bai ce mun ɓata ba. Na lura dai ya daɗe yana kallon wajen ofis.

Akwai jami'in kiyaye haɗari a wurin, wanda kowa yake kira Sefti. Ba mugu ba ne, aikinsa ne kada kowa ya mutu a filin. Bai taɓa taka bakin tafki ba sai da ya ga ma'aikata suna ɗunguma can kullum. Ya biyo su. Ya ga mutane jingim a ƙarƙashin tsohon gini mai tsaga tun daga taga har ƙasa. Ya ɗaga kai ya ga baƙin hayaƙi. Ya hau, ya sauko yana shinshina yatsunsa, kananzir ne. Bai yi faɗa ba, hotuna kawai ya ɗauka da wayarsa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri, kuma cikin ladabi, wanda shi ya fi ƙona mini rai. Aka kawo kwantena sabuwa fil kusa da ƙofa, da kafet da na'urar sanyi da famfunan alwala, aka ce ga masallaci nan, kamfani yana girmama addini. Leburori suka yi ta murna, kuma ban ga laifinsu ba. Duwatsunmu, wani yaron katafila ya kwashe su a ɗauka ɗaya. Aka kewaye hasumiyar da ragar ƙarfe, aka sa kwaɗo, aka kafa kyamara a kan sanda tana kallon ƙofarta.

Sufabaiza ya kira mu ofis. Ya ce daga yau ba baƙon da zai shiga, tsoho ne ko yaro, kuma duk maigadin da aka kama da ashana a filin nan kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, zai soke bizarsa, sai gida. Na daure na ce, "Oga, to rushe ta za a yi?"

Ya yi tsaki. "Wa ya ce muku za a rushe? Tana cikin zane, kayan tarihi ce. Lambu za a yi mata a kewaye. Da ba ku tara mata jama'a ba, ba wanda zai je can sai aiki ya kai, kuma da sauran lokaci mai tsawo. Khalas, magana ta ƙare, ku koma bakin aiki."

Muka fito. Garin neman gira mun rasa ido. Tsohon da ya rage masa 'yan kwanaki a duniya, da mun bar shi da ya ƙarasa su yana kunna fitilarsa. Na ji haushin direbobin katafila da surutunsu, na ji haushin Sefti, na ji haushin Kumasi da titinta mai lanƙwasa, amma na san daga kan wa dabarar ta fito.

Da yamma da farar motar ta ɓullo, abokina ya ce cikinsa ya murɗa, ya yi bayan kwantena. Na je na durƙusa a gefen tagar motar. Na harhaɗa Larabcin da nake da shi na ce an hana shiga, an sa kwaɗo, ginin ya tsage. Baba ya saurara. Idanunsa sun riga sun yi hazo, abu in ya yi nisa sai dai inuwarsa. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi labarin wani gari.

"Ba komai," ya ce. "Ni dama ba na iya hawa. Kai kana ciki. Je ka kunna, ina kallo daga nan."

Na buɗe baki in ce ni ma an hana ni, maganar ta ƙi fita. Yaya za ka dubi sa'an kakanka ka ce masa a'a? Ba a koya mana ba. Na shiga rumfa na ɗauko fitilar, na kama hanyar tafki.

Na isa gaban ragar na tsaya. Ga kwaɗo, ga kyamara tana kallona. Ragar ba ta fi ƙarfin haurawa ba, na haura abin da ya fi ta ina yaro. Amma na tuna 'ya'yana da mahaifiyata, na tuna yadda aka sha wahala kafin a sama mini bizar nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na tsaya riƙe da fitila a hannu, ƙato da ni, hawaye yana zubo mini, ban iya komai ba. Aka kira sallah daga sabuwar kwantena. Na juyo, na ɓoye fitilar a bayana.

Ina isowa na ga Baba ya leƙo ta taga, fuskarsa a sake. Na waiga. A bayan hasumiyar, can nesa a wani filin, akwai wani dogon kiren na ɗaga kaya, a kansa akwai jar fitila da take kamawa da kanta in rana ta faɗi. Daga inda motar take tsaye, hasken ya zauna daidai saman hasumiyar.

"Alhamdu lillahi, ta kama," in ji shi. "Allah ya haskaka kabarin kakanninka, ya waladi."

Na ce amin. Direban ya kalli hannuna da ke baya, ya kalle ni, ya kau da kai ya tada mota.

Haka muka yi ta yi. Kullum su zo, direban ya tsaya daidai wurin nan ba tare da mun taɓa yin shawara ba, ni kuma in yi tafiyata zuwa ragar in tsaya har jar fitilar ta kama, in dawo in karɓi addu'ar da ba tawa ba. Fitilar tana ƙarƙashin teburin rumfa, na lulluɓe ta da kwali. Abokina ya daina ba da labarin Kumasi. Sau da yawa na yi niyyar faɗa wa Baba gaskiya, in na ga fuskarsa sai in fasa. Har yau ban san ko tausayi ne ko tsoro ba.

Yanzu na bar wurin, ina gadin wani ofis a unguwar Mushairib. Na taɓa komawa ranar hutu. An yi lambun, an yashe tafkin, an shafe tsagar da siminti. An dasa fitilu a ƙasa suna haska jikin hasumiyar kore da shuɗi, mutane suna ɗaukar hoto a gabanta. Tagar sama ce kawai ba a sa wa komai ba. Ba ta ba ni sha'awa ba, ban daɗe ba na tafi.

Ganina na ƙarshe da Baba shi ne ranar da aka gama ginin wancan filin aka sauke kiren. Tun safe na ga ana kwance shi. Da yamma suka zo. Na yi tafiyata zuwa ragar kamar kullum, don ban san me zan yi ba in ba ita ba, na tsaya har duhu ya fara, na dawo. Ya daɗe yana kallon wajen hasumiyar, yana murza ido, yana sake dubawa. Na durƙusa ina jiran ya tambaye ni, na shirya in faɗa masa komai.

Bai tambaya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce laifinsa ne, ya bar ni ina ta aiki bai tuna kananzir yana ƙarewa ba. Ya yi wa direba magana, direban ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani ɗan galan. Baba ya karɓa da kansa, ya miƙo mini ta taga.

"Gobe ka cika ta sosai, ya waladi."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce to, Baba.